Mun Dasa Kwakwa Kamar Dawa

Saƙon Yaya ya same ni muna kulle. Lokacin korona ne, an rufe unguwar ma'aikata ta Sana'iyya a Doha, ba shiga ba fita. Muna da yawa a ɗaki ɗaya, gado bisa gado, kowa da waya a kunne. Ba aiki. Abinci a mota ake kawowa, a ajiye a bakin ƙofa.

Yaya ce babbarmu, ni ne auta. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Tana zango, unguwar Hausawa ta ƙauyenmu a kudancin Gana, tana riƙe da gonar kwakwar manja da Baba ya bari. Daga gonar nan take ci, daga ita take ciyar da yaran. Ban yi boko ba, ita ma ba ta yi ba, don haka da murya muke aika wa juna saƙo.

Ta ce, "Auta, motar kamfani ta wuce ni. Na tara kwakwa a bakin hanya, ta ɗauki ta maƙwabta ta bar tawa. Direba ya ce ba ma cikin hoto."

Na sake saurara, ban gane ba. Na kira ta.

"Wane hoto?"

"Ina na sani? Ya ce hoton sama."

"Ki ba shi na goro mana."

"Na ba shi. Ya mayar mini."

A nan na san maganar babba ce. Direban nan bai taɓa mayar da komai ba.

Kwakwa ba hatsi ba ce da za ka zuba a rumbu. Idan ka sare kanta daga itace, kwana kaɗan ta fara tsami. Kamfanin matsar manja ne kawai ke iya ɗaukar duk abin da gona ta ba da a lokaci guda. Matan da ke dafa manja a gida suna saye, amma kaɗan, kuma yadda suka ga dama. Saura ya ruɓe a bakin hanya, ƙudaje su ci.

Na samu lambar ma'aikacin kamfanin da ke kula da yankinmu. Ya yi mini bayani da haƙuri. Ya ce masu sayen manja a ƙasashen waje sun ce ba za su ƙara karɓar man da ya fito daga dajin da aka sare ba, saboda haka kowace gona sai ta shiga taswira. Da, da ƙafa suke bi suna aunawa. Yanzu annoba ta hana su shiga ƙauyuka, sai aka ɗauko hotuna daga tauraron ɗan'adam aka ba na'ura ta duba. Duk inda ta ga kwakwa sai ta zagaye wurin da layi. Wanda aka zagaye, mota ta tsaya masa.

Na ce, "To mu fa?"

Ya ce, "Ku na'ura ta ce daji ne."

Na ce masa da hannuna na haƙa ramukan gonar nan. Ya ce bai ƙaryata ni ba, zai turo mini hoton. Ya turo. Gilashin wayata a fashe yake, kuma ƙarama ce. Kore kawai na gani. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa, kore ne dai.

Haka na zauna da hoton har aka buɗe mu.

Ina da aboki guda a Doha wanda ya san kwamfuta. Mutumin Filato ne, Kirista, yana haɗa kyamarorin tsaro a gine-gine. Injiniya nake ce masa. A kasuwar Asian Town muka haɗu tun kafin annoba, na ji shi yana faɗa da wani a waya da Hausa a bakin shagon takalma, na tsaya na yi masa sallama. Matarsa nas ce a wani asibiti, Sista nake ce mata. Suna zaune a unguwar Tsohon Filin Jirgi, ɗaki da falo. Na taɓa kawo musu manjan gonarmu da na dawo daga hutu. Sista ta ce tun da ta bar gida ba ta ci irinsa ba. Tun daga ranar, idan ta gabatar da ni ga baƙi sai ta ce, "Wannan manomi ne, yana da gonar kwakwa a Gana." Ni kuwa ba na gyara mata komai. Daɗi nake ji.

Ran wata Juma'a bayan masallaci na je. Sista ta tare ni a ƙofa da kwalbar feshi, ta wanke mini hannu har gwiwa, ta ce kada na cire takunkumi sai na zauna can nesa. Na zauna. Na faɗa wa Injiniya abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, ɗan Zango. Mu duba da idonmu. Idan na'urarsu makauniya ce, mu nuna mata."

Ya haɗa kwamfutarsa da babban talabijin na falo. Duniya ta fito kamar ƙwallo. Ya juya ta, ya matso da Gana, ya matso da garin da ke kusa da mu, ya bi kwalta har inda na ce masa ta ƙare. Sai ya juyo.

"To, nuna mini gidanku."

Na tashi na tsaya gaban talabijin. A ƙauyen nan aka haife ni. Ko idona a rufe zan kai ka gona, na san inda ake tsallake rafi, na san itacen da ake juyawa a gindinsa. Amma daga sama ban taɓa ganinsa ba. Rufin kwano ne kawai, wasu ja wasu fari, kamar an watsa ɓawon gyaɗa. Na nuna wani wuri. Ya matso da shi, sai ga filin ƙwallon makaranta. Na nuna wani, sai ga kasuwa.

"Kai, Alhaji, anya garinku ne? Ko dai a Kumasi aka tsince ka?"

Gumi ya jiƙa takunkumin.

Sista ce ta fito daga kicin da cokali a hannu, ta tsaya tana kallo. Ta ce, "Daddy, ka nemi ginin da ya karkace. Masallaci ba ya bin layin gidaje, gabas yake bi." Ta sa bakin cokalin a kan wani rufi kore da ya juya wa sauran baya. "Ga shi nan."

Shi ne. Masallacin da Baba ya yi ladanci a cikinsa har ya rasu. Matar da ba ta taɓa taka Gana ba ce ta nemo mini shi.

Daga nan na gane hanya. Muka bi siririn layi ja har bayan rafi. Sai gonakin maƙwabta suka fara fitowa. Ban san haka kwakwa take daga sama ba. Kowace ɗaya tauraro ce kore, reshe ya bazu ta ko'ina, kuma an jera su daidai kamar ɗinkin hula. Tsakanin tauraro da tauraro kana ganin ƙasa. Injiniya ya ce abin da na'ura ke nema ke nan, siffar tauraron da jerin layin. Muka wuce gona, muka wuce gona, duk haka.

Sai muka zo wani wuri baƙi ƙirin a tsakiyarsu. Ba tauraro ko ɗaya, ba layi, ba ƙasa. Ganye ne a cukurkuɗe.

Na ce, "Tsaya. Ita ce."

"Wace?"

"Gonar."

Ya dube ni, ya dubi talabijin. "Wannan? Ɗan Zango, wannan ai kurmi ne. Akwai biri a ciki?"

"Akwai."

Ya yi dariya, yana tsammani wasa nake. Da ya ga ban yi ba sai ya gyara zama. Ya ce to yaya aka yi ta zama haka, ita kaɗai a cikin dukansu? Dole na faɗa.

Baba daga Arewa ya zo, manomin dawa da gero ne, haka iyayensa. Ya samu fili a hannun wani ɗan ƙasa a kan za a riƙa ba shi kasonsa idan kwakwa ta fara haihuwa. Ina saurayi lokacin. Malamin gona ya zo da igiya mai ƙulli-ƙulli da turaku, ya auna, ya kafa turke duk inda za a sa dashe, ya ba mu dashen kamfani mai kyau. Baba ya tsaya yana kallon tazarar da ke tsakanin turke da turke. Ya jira sai da mutumin ya hau babur ɗinsa ya tafi. Sannan ya ce, "Wannan fili da ya bari a tsakani, ai sai a gina ɗaki a ciki har da zaure. Ɓarna ce."

Washegari muka shiga daji da kwando, muka tuge ƙananan kwakwar da ke tsirowa a gindin na jeji. Muka sa ɗaya tsakanin kowane turke biyu. Muka ƙara layi tsakanin layi da layi. Ni na yi haƙan, Baba na dasawa, Yaya na kawo ruwa. 'Yan ƙasa da ke wucewa suka tsaya suna ce mana kwakwa ba ta son maƙwabci. Baba ya ce ragwanci ne ke damunsu, ƙasa ta yi musu yawa ba su san darajarta ba. Ni ma na faɗa, da ƙarfi, don su ji.

Shekarun farko gonarmu ta fi ta kowa kyau. Sai itatuwan suka girma, ganye ya haɗu da ganye, rana ta daina shiga. Suka yi tsayi suka rame, kowace tana neman haske. Kawunan da suke haifa ƙanana ne. Mun ga na maƙwabta ya fi namu girma. Muka ce ƙasar ce ba ta da kyau. Wata shekara muka ce baki ne. A gidanmu ba wanda ya taɓa faɗin gaskiyar da baki, har Baba ya rasu.

A falon mutane na fara faɗinta. Injiniya ya riƙe dariyar iya ƙarfinsa, ta ƙwace masa. Ya kwanta a kujera yana tari.

"Kun dasa ta kamar dawa! Wayyo cikina. Kun yi mata huɗa kuwa? Kun yi firi?"

Sista ta buga masa cokali a kafaɗa. "Daddy, ka bari mana. Babansa ya rasu." Ta juyo gare ni a hankali. "Sannu, Malam. Ba su sani ba ne a lokacin."

An faɗa mana a lokacin. Ban gyara mata ba. Dariyar mijinta ta fi mini sauƙi a kan wannan sannun. Ta zuba mini tuwo da miyar ganye, na ci kaɗan na ce ina da aiki.

Aikina a lokacin dashen dabino ne a gefen titunan da ke zuwa filin wasa na Rayyan. Ana shirin gasar cin kofin duniya. Mota mai ƙugiya ta sauke itace, mu daidaita shi a rami, mu cika ƙasa, mu ja tiyo. Foman yana tafe da abin awo. Idan rami ya kauce da taƙi ɗaya sai ya ce yalla, a sake. Ban taɓa yi masa gardama ba.

Da aka buɗe hanyoyi a gida, ma'aikacin kamfani ya je gonar da kansa. Yaya ta ce ya shiga ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Ya ce kwakwa ce, ya gani, amma masu saye ba maganarsa suke dubawa ba, hoto suke dubawa. Ya ce magani ɗaya ne. A cire duk wadda aka ƙara, a bar na turaku. Idan haske ya shiga, layi ya fito, zai zagaye gonar da hannunsa. Ya ce amfaninta ma zai ƙaru.

Faɗa ba wuya. Kwakwa ba ta saruwa kamar sauran itace, jikinta zare ne, gatari na shiga ya maƙale. Sai an haƙa gindinta an yanke saiwoyi ɗaya bayan ɗaya sannan a tura. Kuma waɗanda za a cire sun fi waɗanda za a bari yawa. Mace ɗaya ba za ta iya ba. Na tura abin da na samu aka ɗauko mai zarton inji. Ya yi 'yan kaɗan, ya ce ta kashe masa haƙoran zarto, ya tafi bai dawo ba. Na nemi hutu don na je na haƙa da kaina. Kamfaninmu na Doha ya ce ba mai tafiya sai an gama gasa.

Kwakwa na nuna, ana sarewa, tana ruɓewa. Yaya ta koma sayar da itacen wuta. Mai ƙasa ya zo neman kasonsa, bai samu abin kirki ba, ya ce idan daji ne to dajinsa ne, yana da mai so.

Akwai mutanen da ke kayar da kwakwa ba ka biya su ba, su ma su biya ka. Kowa a yankinmu ya san su. Masu bammi ne. A can ba hawa suke yi ba, kayar da itacen suke, su huda kansa, su ɗora tulu, ruwan ya riƙa ɗiga. Sannan su dafa shi a ganguna ya zama barasa mai ƙarfi. 'Yan ƙasa idan gonarsu ta tsufa su suke kira, ba abin magana ba ne a wurinsu. Mu a zango abin magana ne. Baba ya taɓa kama ɗaya yana duba itatuwanmu, ya bi shi da adda har rafi.

Na daɗe ina juya abin kafin na faɗa wa Yaya. Da na faɗa, ta yi shiru har na ɗauka layi ya yanke.

"Yaya?"

"Ina ji. Ina jira ka ce wasa kake."

"Ba za mu karɓi ko sisinsu ba. Su kayar kawai su kwashe."

"To sadakar giya za mu yi ke nan. Da sunan wa? Da sunan ladan?"

"Kina da wata hanya?"

"Ina da ita da na kira ka?"

"To ki kira su."

"Wallahi ba da bakina ba. Kai da ka haƙa, kai ka kira."

Na kira. Lokacin hutun rana ne, ina tsaye a inuwar tankar ruwa, abokan aiki na kwance a ƙarƙashinta. Shugaban masu bammin ya ɗauka. Tsoho ne, yana jin Hausar kasuwa. Ban gama gabatar da kaina ba ya gane ni.

"Ah, ɗan ladan! Kana ƙasar Larabawa, ko? Allah ya ji ƙan Baba. Mutum mai gudu. Har yau ƙafata na tuna shi."

Na faɗa masa abin da nake so. Bai yi dariya ba, bai ja magana ba. Ya ce zai kula, ba za su taɓa na turaku ba, ya san dashen kamfani daga na jeji ko da ido ɗaya. Ya tambayi nawa zan sa wa kowace. Na ce ba na so. Ya ce shi ma ba ya cin kyauta irin wannan, zai ba mai ƙasa. Na ce ya ba wanda ya ga dama. Na kashe waya, na sha ruwa, na koma rami.

Suka shiga gonar. Aikinsu ba na sati ba ne. Kayarwa suke kashi-kashi, su tatse wannan kafin su kayar da na gaba. Suka kafa rumfa a bakin rafi, suka jera ganguna, suka hura wuta. Wata ya bi wata suna nan. Idan iska ta juyo, warin na kaiwa har zango.

Yaya ba ta faɗa mini komai ba. Idan na tambaya sai ta ce ana aiki. Daga bakin wani ɗan garinmu da ke tuƙin mota a nan Rayyan na ji sauran, shi ma matarsa ce ta faɗa masa. A fitilar hanya ya tsaya ya gan ni ina ban ruwa. Ya ce liman ya yi huɗuba a kan masu sayar da lahirarsu, bai kama suna ba, amma kowa ya waiga. Ya ce da aka zo girkin Mauludi, matan zango ba su aika wa Yaya ba, ita da ke riƙe da babbar tukunya tun rasuwar Inna mahaifiyarmu. Ya ce yara na kiran 'ya'yanta 'ya'yan mai giya a hanyar makarantar allo. Ya ce an daina sayen itacen wutarta.

Ya ce, "Amma kai ba ka sani ba, ko? Ita ta yi gaban kanta?"

Fitilar hanya ta ba shi hannu, na baya na masa oda. Ya ja mota. Ban kira shi na ba shi amsa ba.

Ni a Doha ba mai jin warin. Ran Juma'a ina sa farar riga, na je da wuri, na samu sahun gaba. Wani lokaci idan ladanin masallacin kam ɗinmu, inda mu ma'aikata ke kwana, bai zo ba, ni ake turawa, saboda an ce muryata ta gado ce. Ina yi.

Gasa ta zo. Gari ya cika da baƙi da tutoci. Mu aikinmu ban ruwa ne da sassafe, kafin mutane su fito, kada a gan mu da tiyo a hanya. Gana ta samu zuwa, Nijeriya ba ta samu ba, kuma mu muka fitar da su. Ranar wani wasanmu da yamma Injiniya ya kira ni na zo mu kalla a gidansa. Na je. An daina takunkumi lokacin. Na tarar ya sa rigar Gana.

Na ce, "Injiniya, rigar wa ka ara?"

"Ta maƙwabci. Idan gidanka ba biki ai sai ka leƙa na kusa."

"Ku da ko tikitin mota ba ku samu ba."

"Ka yi shiru, manomin dawa. Yanzu za a zuba muku."

Sista na soya kaza tana ce mana mu rage ihu, akwai Balarabe a sama. Aka tafi hutun rabin lokaci. Injiniya ya ce af, bari mu duba ko an sabunta hoton ƙauyenku. Na taɓa ce masa ana rage itatuwan. Ban ce masa wa ke ragewa ba. Na ce ya bari sai wani lokaci. Ya riga ya jona waya.

Wannan karon bai tambaye ni hanya ba. Ya sauka kan masallaci, ya bi layin ja, ya tsallake rafi.

An sabunta. Baƙin wurin nan babu shi. Taurari ne a jere, ƙanana, ramammu, ba su kai na maƙwabta ba, amma a layi suke. Tsakaninsu ƙasa ce ja, da gungume a kwance ko'ina kamar an zubar da ashana. Layin da malamin gona ya auna da igiyarsa yana nan yadda ya bar shi.

Injiniya ya yi tsalle ya tafa. "Ga ta! Mami, zo ki ga gonar mutuminki ta fito! Kai, ɗan Zango, yau kai ne ka ci ƙwallo."

Sista ta zo tana goge hannu. Ta ce Allah mun gode. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Sai Injiniya ya ce, "Wannan fa?"

A kusurwar gonar, bakin rafi, akwai shuɗin abu mai kusurwa huɗu. Ya matso da shi. Tamfol ne. A gefensa ɗigo-ɗigo a jere, zagayayyu. Kusa da su ƙasa ta yi baƙi inda wuta ta daɗe tana ci.

"Ka gina wa Yaya rumfa ne? Waɗannan kuma mene ne, rijiyoyi?"

Sista ta duba. Ita ma ƙauyensu akwai kwakwa. Ta ce, "Ganguna ne." Ta koma kicin.

Injiniya ya kalli hoton, ya kalle ni. Ya ce, "Au." Ya sosa ƙeya. Can ya ce, "To ai ba komai ba ne, ɗan'uwa. A wurinmu kowa na yi. Kawuna ma da shi ya aurar da 'ya'yansa."

Na ce, "A wurinmu komai ne."

Ya koma ya zauna.

Na ce, "Za a iya gogewa?"

"Ba ni na ɗauka ba. Sai ranar da suka sa sabo."

"Yaushe?"

"Wata ƙila shekara. Wata ƙila fiye. Ƙauye ne, ba sa gaggawa a kansa." Ya ɗan yi murmushi. "Wa zai duba, ban da ni da kai?"

"Kowane yaro a zango yana da waya."

Ya mayar da talabijin kan wasa. Aka dawo fili. Na kalla har ƙarshe, ban san me na gani ba. Sista ta ƙunsa mini kaza a leda, ta raka ni ƙofa, ba ta ce manomi ba, ba ta ce sannu ba. Na gode mata da hakan.

Ma'aikacin kamfani ya cika alkawari. Ya zagaye gonar. Kafin a gama gasar saƙon Yaya ya zo, gajere, ana jin ƙarar inji a bayansa. Ta ce mota ta tsaya, ta ɗauka duka.

Na kira ta ina cikin bas ɗin kamfani, muna dawowa daga ban ruwa.

"Yaya, alhamdu lillahi."

"Haka ne."

"Mutanen sun tafi?"

"Sun kwashe kayansu."

"Mai ƙasa fa?"

"Ya karɓi nasa. Har gaishe ni yake yanzu."

Na ji kukan akuya da wata waƙar coci daga nesa. A gidanmu ba a jin coci, yana can ƙarshen gari.

"Ina kike?"

"A gida."

"Wane gida?"

Ta ce ta tashi daga zango. Ta kama ɗaki a unguwar 'yan ƙasa, kusa da inda mota ke tsayawa. Ta ce ya fi mata kusa da gona. Ta ce a nan ba mai tambayar ta komai, yaran ma suna fita wasa. Gidan Baba ta sa masa kwaɗo, makullin na wurin liman.

Na ce, "Da an gama gasa zan zo."

"To."

"Zan tsaya a masallaci na faɗa musu ni na kira mutanen."

"Sun sani, Auta. Tsohon ya faɗa wa kowa a kasuwa, ɗan ladan ne ya kira shi daga ƙasar Larabawa. Sun sani tun farko." Ta ja numfashi. "Kai dai ba ka nan ne. Ni ce a nan."

Bas ya tsaya a ƙofar kam. Kowa ya sauka. Direba ya ce halas, an zo ƙarshe, na sauka.

Aka gama gasa, baƙi suka watse, aka fara kwance tutoci. Foman ya tara mu ya ce yanzu mai son hutu ya ɗaga hannu, wanda ya daɗe bai je gida ba shi ne farko. Ya nuna ni. Na ce a ba wani.